Rigar Hannun Ƙarfe

Daga garin Idaho Falls, in ka miƙi babbar hanya mai lamba 20 ka fuskanci yamma, gonaki za su raka ka na ɗan lokaci sannan su juya su bar ka. Daga nan sai fili fetal: gajerun tsirrai masu ruwan toka, baƙin dutsen da aman wuta ya shimfiɗa tun zamanin da, da wasu duwatsu uku da suka tsaya ɗai-ɗai can nesa. Rashin mutanen ne ya sa gwamnatin Amurka ta keɓe yankin a 1949 don gwajin tukwanen nukiliya, wato injinan da ke samar da makamashin nukiliya. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,300, kuma tukwane 52 aka gina a cikinsa a shekarun da suka biyo baya. Shi ne yau ake kira Idaho National Laboratory.

Ni aikina kare ma'aikata ne daga tururin nukiliya: in auna abin da jikinsu ya ɗauka, in bincika daɓe da kayan aiki, in shata wa kowa iyakar da ba zai ƙetare ba. Kwas aka tura ni a wata cibiyar bincike da ke wata jiha dabam, amma na roƙa aka bar ni in ratsa ta Idaho tukuna, domin a tsakiyar filin nan akwai wani gini da duk mai sana'a irin tawa ke son ya taka.

Ginin tsohuwar tukunyar gwaji mai suna EBR-I ke nan, kimanin kilomita 80 daga Idaho Falls, kafin ka kai ƙaramin garin Arco. Na bulo ne, ba shi da wani kwarjini daga waje. A cikinsa ne, ran 20 ga Disamba 1951, tukunyar nukiliya ta ba da wutar da ta kunna ƙwayaye huɗu. Walter Zinn da mutanensa suka rubuta sunayensu da alli a bango, rubutun kuwa yana nan har yanzu. A 1966 Shugaba Lyndon Johnson ya zo da kansa ya ayyana wurin a matsayin abin tarihi na ƙasa, kuma ana buɗe shi ga baƙi daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba.

Masu ziyara sun fi cincirindo a ɗakin sarrafawa da wurin ƙwayayen. Ni na zarce wurin hannuwan ƙarfe.

Sandar makamashi, wato abincin tukunyar, in ta fito daga ciki ba a tsayawa kusa da ita. 'Yan mintoci a gabanta sun isa su kashe mutum. Amma dole a duba ta, a auna, a yanka, a ga abin da zama cikin tukunya ya yi mata. Shi ya sa ake gina killataccen ɗaki: bangon kankare mai kaurin mita guda ko fiye, tagar gilashi hawa-hawa mai kauri kusan daidai da bangon, kaya a ciki, mutum a waje. Abin da ke haɗa su shi ne hannun ƙarfe. Rabinsa yana rataye a gaban ma'aikaci, rabinsa yana can ciki, ziraran ƙarfe da igiyoyi na bi ta kan 'yan ƙananan tayoyi suna kai motsin wannan zuwa wancan.

A gidan tarihin ana barin baƙo ya gwada. Na zura yatsuna cikin maƙamar, na matse, awartakin da ke can ɓangaren ya matse. Na ɗaga, ya ɗaga. Da na kama ɗan abin da aka ajiye don gwaji, sai na ji taurinsa a yatsuna, na ji nauyinsa a wuyan hannu, alhali babu lantarki babu kwamfuta a tsakaninmu. Raymond Goertz ne ya fito da wannan dabara a cibiyar Argonne, kusa da Shikago, a ƙarshen shekarun 1940. Kafin shi dogayen awartakai da madubai ake fama da su daga bayan tubalan dalma. A 1954 ya ƙera mai aiki da lantarki, amma na igiya bai mutu ba har yau, domin hannu ya fi yarda da abin da yake ji kai tsaye. Kamfanin Central Research Laboratories da ke Red Wing a jihar Minnesota yana ƙera su, a Faransa akwai La Calhène, a Jamus akwai Wälischmiller.

Sai dai hannun da na gwada tsirara yake. Na tsaya ina kallon rabin ciki: haƙoran giya a wuyan hannu, bututu cikin bututu da ke miƙewa ya janye, igiyoyi, notuna, loko-lokon da maiko ya kwanta. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin fitar da ƙurar nukiliya daga zaren noti guda ɗaya, in ya ga wannan sai gabansa ya faɗi. Ko'ina maɓoya ce.

Haɗarin killataccen ɗaki iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai tururin gama, wanda ke keta abubuwa ya wuce. Shi kauri da nauyi ke tare shi, wato kankare da dalma da gilashi. Akwai kuma ƙura, burbushin abin da kansa. Sinadarin fulutoniyam-239 wani tururi mai suna alfa yake fitarwa, alfa kuwa takarda ɗaya ma tana tare shi, fatar mutum ta sama ma tana tare shi. Amma a shaƙi ƙwayar ƙurarsa, sai ta samu mazauni a huhu ko ƙashi ko hanta ta ci gaba da harbin naman da ke kewaye da ita, kuma sai bayan shekara 24,100 ƙarfinta ke raguwa da rabi. Ita ƙura kaurin bango bai dame ta ba, ƙofa take nema. Kowane hannun ƙarfe kuwa sai an huda masa bango: rami mai faɗin kimanin santimita 25, daga ɗakin zuwa dab da saman kan ma'aikaci.

Abin da ke rufe wannan ƙofa shi ya kai ni cibiya ta biyu, wadda aka tura ni kwas.

A can ba a shiga da gaggawa. Aka karɓi takarduna, aka zaunar da ni darasin ƙa'idoji, aka maƙala mini ma'aunin tururi a ƙirji. Tun daga ƙofar farko ka fara jin ginin yana jan iska: ƙofa tana buɗewa da ɗan nauyi, iska na bi ta wuyanka tana yin ciki. An tsara shi ne iska ta riƙa tafiya daga wuri mai tsabta zuwa wanda bai kai shi ba, har ta ƙare a killatattun ɗakunan, inda ƙarfinta ya fi ko'ina ƙasa. Daga nan fankoki su ja ta ta cikin matatai masu kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin da girmansu ya kai mikiron 0.3 (mikiron dubu ne milimita ɗaya). Ƙugin fankokin ba ya yankewa dare da rana.

Zauren aikin dogo ne, fitilunsa a rage domin a fi ganin ciki. Tagogi a jere, kowace tana ba da haske ruwan ɗorawa saboda dalmar da ke cikin gilashin, a gaban kowace hannuwa biyu suna reto daga sama. Wanda aka haɗa ni da shi wani dattijo ne, shugaban masu gyaran hannuwan, mutum mai kaurin yatsu da ƙarancin magana. Na tambaye shi, "Yallaɓai, a duk kayan nan wanne ya fi hana ka barci?"

Bai amsa ba, sai ya ja ni gaban wata taga ya ce, "Leƙa, samari. Kada ka kalli tebur, kalli sama."

A ciki, kowane hannu yana sanye da doguwar rigar roba tun daga bango har wuyan hannu, awartaki kaɗai ke waje. Rigunan sun ɗan kumbura. Ya ce wannan kumburin shi ne abu na farko da yake dubawa kowace safiya. Cikin rigar a haɗe yake da iskar zaure ta ramin bango, wajenta kuwa iskar ɗaki ce mai ƙarancin ƙarfi, don haka riga mai lafiya takan cika ta tsaya. Ran da ka ga ta kwanta ta manne wa ƙarfe, to ka nemi dalili. Ya nuna mini ma'aunin iska da ke gefen tagar, ya ce shi ma yana faɗar gaskiya, amma na ɗakin gaba ɗaya yake faɗa. Ƙaramar huda a riga ɗaya ba lallai ta motsa allurarsa ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Aikin rigar biyu ne. Tana toshe ramin bango kada ƙura ta bi ta fito. Tana kuma hana ƙurar taɓa hannun. Ma'ana, ko da yake rabin hannun yana tsakiyar ɗakin, a lissafin tsabta a waje yake, domin bangon ya bi shi ya lulluɓe shi. Na daɗe ina juya wannan a raina a gaban tagar: a daidai wurin nan, iyakar da ke tsakanin iskar da muke shaƙa da iskar ɗakin ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba.

Suna da wani ɗakin gwaji a baya, an gina shi daidai da na gaske amma babu komai mai haɗari a ciki, a nan ake koyar da sababbi. Dattijon ya fito da sabuwar riga daga kwalinta ya shimfiɗa a kan tebur. Ta fi mutum tsawo, domin dole ta bi hannun in ya miƙe iyakar miƙewarsa, ta kuma tattare in ya janye. Ta fi faɗi daga sama, tana tsukewa zuwa ƙasa. Ba a ɗinka ta da zare, kowace hudar allura ƙofa ce. Narkar da bakin robar ake yi da inji a haɗe. Ya sa ni na bi layin haɗin da ɗan yatsa tun daga sama har ƙasa, sannan ya ɗaga ta a gaban fitila yana juyawa a hankali, yana neman wurin da haske ya fi ratsawa. A bakin sama akwai zobe mai tauri da zai zauna daram a ramin bango. A bakin ƙasa akwai wani ɗan mahaɗi: wuyan hannu ya kama shi ta ciki, awartaki ya kama shi ta waje. Da wannan ake iya cire awartaki a sauya wani daga nesa ba tare da an buɗe rigar ba, kuma in an zare hannun gaba ɗaya don gyara, rigar takan tsaya a ciki tana tsaron ramin.

Maganar irin robar da ake zaɓa ita ta fi daɗewa a bakinmu, domin babu wadda ta haɗa komai. PVC tana da araha da sauƙin haɗawa, amma tururi na busar da ita ta yi tauri, kuma tana sakin asid mai kulorin wanda ke cin ƙarfe. Ƙona shararta ma matsala ce. Poliyuritan ta fi jure guga da yagewa, tana kuma ɗaukar tururi sosai, shi ya sa ake yawan amfani da ita, amma asid mai ƙarfi da damshi mai zafi na karya ta. A ɗakunan da ake narkar da makamashi cikin asid na naitirik, hayaƙin asid ɗin kaɗai ya isa ya gama da ita, don haka a can an fi son robar CSM, wadda aka daɗe da sani da sunan Hypalon, mai jure asid da iskar ozon. Da kamfanin DuPont ya daina yin ta wajen 2010, sai da masu ƙera riguna da safar hannu suka nemo ta daga wasu kamfanoni suka sake gwaji. Teflon kuwa, duk da sunan da ya yi wajen jure sinadarai, yana cikin mafiya rauni a gaban tururi. Ba a daɗewa yake marmashewa.

Abin da tururi ke yi wa roba a matakin ƙwayoyinta ne. Roba dogayen sarƙoƙi ce. Tururi ko dai ya tsittsinka sarƙoƙin, robar ta yi laushi ta yi danƙo, ko ya ƙulla su da juna, ta yi tauri ta fara tsagewa. Yana kuma juya iskar ɗakin ta haifar da ozon, shi ma ya shiga cin robar daga waje. Da gire ake auna yawan tururin da abu ya sha: gire 4 zuwa 5 a jiki gaba ɗaya na kashe kusan rabin waɗanda suka same shi in ba magani. Roba mai kyau tana ɗaukar gire dubu ɗaruruwa kafin ta sare. Amma a ɗakin da ake ajiye makamashin da ya fito daga tukunya, wannan adadin taruwa yake yi. Ƙurar alfa kuma nata salon dabam: in ta kwanta a kan riga, duk ƙarfinta a fatar robar take zubewa, daidai inda ta zauna.

Duk da haka, in ji dattijon, yawancin rigunan da ya cire ba tururi ya kashe su ba. Kaifi ne da guga. Bakin gwangwani, ɓarɓashin ƙarfen da aka yanka, kusurwar tire, zafin murhu in hannu ya matsa kusa, ko robar ta naɗe ta shiga tsakanin bututu da bututu. Ya ce riga ce kamar kowace rigar aiki, a gwiwar hannu da wuyan hannu take fara mutuwa. Shi ya sa wasu ake yin su gida biyu, a riƙa sauya na ƙasa shi kaɗai, wasu kuma a ɗora musu wata rigar a sama ta sha wahalar.

Masu aiki da hannuwan ba duka ke ƙaunar rigar ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wata ma'aikaciya da ta shekara da shekaru a gaban taga ta sa ni na gwada hannu mai riga a ɗakin gwaji. Bambancinsa da na Idaho a fili yake. Akwai ɗan ja a kowane motsi. In ka juya wuyan hannu, robar ta murɗe ta fara mayar da kai. Wani lokaci naɗinta ya tare maka ganin bakin awartaki daidai lokacin da kake son gani. Ta ce wuni guda a haka, da dare kafaɗa ke ba da labari. Mai kauri ta fi daɗewa amma ta fi kashe ji. Siririya ta fi daɗin aiki amma ba ta kwana da yawa. Saboda haka a wasu ɗakunan da babu kayan alfa, kuma kayan a rufe suke, akan bar hannuwa tsirara a dogara ga jan iska. Akwai kuma wata ƙira dabam, hannu mai gida uku, wanda tsakiyarsa toshe ce a cikin bango, motsi na ratsawa ta sanduna masu juyawa cikin hatimi. Irinsa ake buƙata a wuri kamar HFEF na can Idaho, ɗaki mai tsawon mita 21 da faɗin mita 9 wanda ke cike da iskar argon, inda shigar iskar waje ma ɓarna ce. Amma a ɗakin da ake yanka sandar makamashi ana goge ta, ƙura na tashi, ita kanta ma'aikaciyar ta ce ba za ta tsaya a gaban hannu marar riga ba.

Ina cibiyar aka samu yagewa.

Da hantsi ne. Ita wannan ma'aikaciyar tana tsakiyar aiki sai ta tsaya cak, ta ce, "Ta hagu ta kwanta." Ba ta ja hannun baya ba, ba ta girgiza shi don ta tabbatar ba. Ta kulle shi a inda yake, domin hannu in yana miƙewa yana janyewa cikin riga, bugun iska yake yi, kuma wannan bugun na iya turo ƙura ta hudar zuwa ramin bango duk da jan fankoki. Aka mayar da mu bayan layi. Da hannun dama ta ɗaga naɗin robar a hankali a gaban kyamara, sai ga ta a allo: tsaga ce a gefen wuyan hannu, tsawonta bai wuce na farce ba, bakinta a miƙe, alamar yanka.

Abokin sana'ata na cibiyar ya zo da 'yan takardunsa masu zagaye. Ya goge bakin ramin bango, ya goge maƙama, ya goge daɓen ƙasan tagar, kowace takarda da ambulan ɗinta da lambarta. Ya cire matatar injin da ke shaƙar iskar zaure ya kai ma'auni. Aka auna hannuwan ma'aikaciyar da gaban rigarta. Duk suka fito da tsabta. Jan iska ya yi aikinsa, ita ma ta yi nata da ta tsaya da wuri.

Zare hannun shi ne babban aiki. Da fari aka kwashe kayan da ke ɗakin zuwa can kusurwa, nesa da saitin ramin, domin da zarar hannu ya fita, ramin ya zama hanyar da tururin gama zai bi ya miƙe. Aka kafa rumfar leda a gaban tagar. Mutum uku suka shiga da kayan kariya da takunkumin numfashi, ana kallon agogo ana kallon ma'auni. Suka miƙar da rabin ciki ya yi layi ɗaya da bututun bango, suka fara janyo shi da ƙugiya daga sama, yana fitowa yana shiga cikin doguwar jakar leda, har aka ɗaure bakinta. Nan take aka cusa toshiyar kariya a ramin. Sabuwar rigar kuwa ta waje ake saka ta: a ɗora zobenta a kan wani abin turawa, a tura, sabon zobe ya ingiza tsohon ya faɗa ciki, shi ya zauna a gurbinsa. Babu ƙiftawar ido guda da ramin ya kasance a buɗe.

Kashegari dattijon ya kai ni shagonsa, a nan na ga abin da rigar ke saya da ranta. A kan benci akwai wani hannu da aka zare a makon, igiyarsa ɗaya ta tsinke, amma rigarsa lafiya lau take. An goge shi an auna, babu komai. Wani saurayi na zaune a kansa da safar hannu ta yau da kullum da tabarau, yana zura sabuwar igiya, rediyo na yi a gefe. Can ƙarshen shagon kuma ga hannun jiya a cikin dogon akwati mai gilashi, mutum biyu sun zura hannuwansu cikin safar da ke jikin akwatin suna kwance wuyan hannun haƙori-haƙori, suna wankewa, suna aunawa, suna sake wankewa. Hudar da ba ta wuce farce ba ta shigar da ƙura cikin giya. Dattijon ya ce na kan benci aikin yini ne, na cikin akwati kuwa sai abin da hali ya yi, kuma in ƙurar ta ƙi fita, a yanke ɓangaren a jefa shara.

A Amurka doka ta ba ma'aikaci iyakar milisibat 50 a shekara, shi ne ma'aunin tururin da jikin mutum ya ɗauka. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa 20 ce a shekara in an raba a kan shekara biyar. Mai tsayawa a gaban taga ba ya ko kusantar waɗannan, bango na tsaye masa. Abin da na sani daga aikina, kuma na sake gani a nan, shi ne masu gyara su ke kwasar rabo mafi tsoka, su da suke shiga rumfar leda, suke rungumar ƙarfen da ya fito daga ciki. In ana zancen tsaron nukiliya, kauri da ƙarfe ake nuna wa baƙo, su ake ɗauka hoto. Ni kuwa a ganina duk cibiyar da ta tsaya jan rai da riga, tana cewa bari ta ƙara wata guda tunda ba ta yage ba, to daga jikin waɗannan samari take cire rarar. Gaskiya ne sauya riga ma ba kyauta ba ne: aiki na tsayawa, mutane na ɗaukar ɗan tururi wajen sauyin, kuma tsohuwar ta zama shara. Nan cikin ɗakin ake yayyanka ta da hannuwan, a danna cikin gwangwani. A Amurka, in alfa ɗin da ke jikin shara irin wannan ya wuce nanokuri 100 (ma'aunin ƙarfin tururi) a kowane giram, kuma daga ayyukan tsaro ta fito, makomarta WIPP ce kusa da Carlsbad a jihar New Mexico, ramin gishiri mai zurfin mita 655 da ya fara karɓar shara a 1999. Amma sauyin da aka shirya, da rigar da ba ta huje ba, bai kama ƙafar sauyin dole ba wajen wahala.

Yadda suke tsayar da lokacin sauyi na wani littafi ne da dattijon ke riƙe da shi. Kowace taga da shafinta, hagu da dama. Ranar da aka sa riga, irin robarta, aikin da aka yi a ɗakin, ranar da aka cire, da dalili. Ya buɗe mini shafuka na baya. A wata taga riguna na daɗewa, a maƙwabciyarta kuwa ba sa kai rabin haka, kuma in ka bi layin dalili sai ka ga murhu ne a wancan ɗakin. Daga nan suka sauya irin robar, suka sa wa murhun garkuwa. Babu takardar kamfani da za ta gaya maka wannan, domin kamfani bai san ɗakinka ba.

Na ce, "Yallaɓai, ta jiya me za ka rubuta mata?"

Ya ce sai ya gano abin da ya yanke ta. Shi da ma'aikaciyar suka koma gaban tagar suka bi hanyar da hannun hagu ya bi a safiyar, mataki-mataki, da kyamara. A ƙarshe suka same shi: wani tiren ƙarfe da aka shigar kwanan baya, kusurwarsa ɗaya ba a dasashe ta ba, kuma duk lokacin da aka miƙa hannu don ɗauko kwalba daga bayansa, wuyan rigar na gogar wurin. Ya rubuta lambar tagar, ya rubuta hagu, wuyan hannu, kusurwar tire. Kafin in bar cibiyar an fitar da tiren an sa wani mai zagayayyen baki, kuma an ƙara layi ɗaya a takardar shigar da kaya: duk abin da zai shiga killataccen ɗaki, sai mai gyaran hannuwa ya shafa bakinsa da kusurwoyinsa ya sa hannu tukuna.